Dashen Bayan Katanga

Tun ranar da aka sare dogon yaron ƙofar gidanmu ban ƙara jin daɗin hantsi ba. Ina zaune a tsakar gida na ji ƙarar injin nan mai haƙora, ya yi ta kuka, sai ƙasa ta girgiza, tsuntsaye suka watse, rana ta faɗo mini a ka a wurin da ban taɓa sanin tana zuwa ba. Jikana ne ya sa aka sare. Shago zai gina, wai jijiyoyin za su tsaga masa tushen gini, ganyen kuma ya ishe shi da shara. Ya shigo ya durƙusa ya gaya mini cikin ladabi bayan an riga an gama, irin ladabin 'ya'yan yanzu. Ban yi masa faɗa ba. Me zan ce wa yaron da ya buɗe ido ya tarar da Sakkwato cike da inuwa, yana tsammanin haka aka saukar da garin daga sama? Amma gabana bai daina faɗuwa ba tun ranar, kuma irin faɗuwar gaban nan na san ta, na taɓa kwana da ita na tashi da ita rani guda cur a kan wannan itacen.

Garin da na sani da ƙuruciya ba haka yake ba. Idan kaka ta wuce aka kwashe gero, sai gari ya koma ja wur, ƙasa ja, katanga ja, har awaki su yi ja. Itatuwan da muke da su ba su da yawa, kowa ya san su kamar yadda ya san dattawan unguwa, kukar wajen marina, rimin hanyar kasuwa, ɗanyar bayan ganuwa. Da rani sai su tuɓe su tsaya haka nan, in ban da gawo mai yin nasa a juye, da tsamiya, ita kuwa kowa ya san akwai masu ita, ba a zama gindinta da rana tsaka. Tsofaffinmu ba su yarda da itacen da ba ya zubar da ganye ba, sukan ce akwai wanda ke riƙe da shi. Kuma ba wanda ke shayar da itace. Ina dalili? In damina ta zo ya sha, in ta tafi ya yi haƙuri kamar kowa. Unguwar Mabera da kuke gani da shaguna da makarantu gonaki ce da burtali a lokacin, mace ba ta bin wurin ita kaɗai. Da asuba abin da za ka fara ji tarin tsofaffi ne masu tafiya masallaci, sai kukan igiya a bakin rijiya, sai luguden tabare gida-gida, can da hantsi kuma bugun masu rini ya ɗauka. Yanzu kukan babur ke tashe ni, ruwa kuma yaro zai murɗa famfo ya tafi ya bar shi yana zuba.

Ban daɗe da zuwa gidan ba a matsayin amarya maigidana ya bi shanu Kudu. Sana'arsu ke nan, su kora a ƙasa da ƙarshen kaka, ba a sake ganinsu sai ruwan farko ya sauka. Gida ya rage daga ni sai mahaifinsa, Malam, wanda yanar ido ta makantar da shi tun kafin a kawo ni. Uwar gidan ta riga mu gidan gaskiya, 'yan'uwan maigidana mata duk suna ɗakunansu. Malam dogo ne siriri, mai kaifin harshe, yini yake yi a zaure da tasbaharsa, kuma ko limamin unguwa ba ya yanke magana sai ya biyo ta wajensa. Tsakanina da shi kuwa kunya ce irin ta da. Ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba, shi kuma bai taɓa kiran sunana ba. Sai in ajiye akushi da buta a bakin ƙofar zaure ta ciki, in durƙusa in yi gaisuwa daga bayan bango, ya amsa da gyaran murya, in koma. Ƙofar gida kuwa tun da aka shigo da ni ban ga yadda take da rana ba, don matar gidan malamai ba ta leƙa waje. Ba kuka nake yi ba, haka muka tarar, ban kuma taɓa jin ya dame ni ba sai da dashen nan ya zo.

Wata safiya ina tankaɗe na ji hayaniya a waje, ana sara ƙasa daf da katangarmu. Na lallaɓo bayan zaure na kasa kunne. Mai unguwa ne da dogarai, sun zo da wani ɗan itace da Turawa suka kawo daga wata ƙasa, wannan da kuke ce wa dogon yaro. A lokacin ba shi da suna, itacen Nasara kawai ake cewa.

"Malam, umurni na daga sama," in ji mai unguwa. "Kowace ƙohwa da nata. Bature yac ce iccen ga ba shi zubda ganye, rani da damina, in dai ya samu ruwa shina ƙarami. Wanda nashi yam mutu kuwa, maigida aka kamawa, shi ɗauki tulu bisa kai shi shayar da na hanyar bariki har sai an ce ya isa."

"Iccen da ba shi tuɓewa, wa ka riƙe da shi?" in ji Malam.

"Ni dai aiko ni anka yi."

"To ka ji, ka kuma hwaɗa ma wanda ya aiko ka. Sun amshe gari, mun yi shiru. Yanzu kuma da hurhurata in zama bawan iccensu? Wallahi hannuna ba shi ɗaukar ruwa shi zuba mai. Kuma gidan ga ba mai yi."

Na ji mai unguwa ya ja numfashi. "Malam, da ba ka rantse ba."

Suka dasa abinsu, suka kewaye shi da ɗan ginin laka saboda awaki, suka ɗora ƙaya, suka wuce ƙofa ta gaba. Ni dai duk a kunne na ji, ban ga komai ba.

Da farko na ɗauka barazana ce irin ta masu mulki, za a yi kwana biyu a manta. Inna Tumba ce ta raba ni da wannan tunanin. Dillaliya ce, tsohuwa, tana yawo gida-gida da zannuwa da tasoshi, amma abin da ta fi ɗauka a kanta labari ne, kuma ban taɓa jin ta kawo mai daɗi ba. Ranar ta ajiye ƙwaryarta tun kafin ta zauna ta fara.

"Ke ɗiyar ga, kin ji abin da anka yi ma tsohon badukun nan na bayan masallaci? Awaki sunka cinye nashi. Jiya nig gane shi da idona, tulu bisa kai, rawani ya warware shina jan ƙasa, yara na biye suna mai waƙa. Ɗiyanai sunka ce su ɗaukar mai, dogari yac ce a'a, maigida anka ce. Tun da yak koma gida ko masallaci bai hito ba."

Na ce, "Inna, har makaho?"

"Makaho ba shi da kai? Kai aka so, ba ido ba."

Ta tafi ta bar ni da wannan. Yinin ranar duk abin da na taɓa sai na ga Malam da tulu a ka, wani yaro yana ja masa sanda, mutanen da ke durƙusa masa suna kau da kai. Na san shi ba zai rayu bayan haka ba, baƙin ciki zai kashe shi kafin tulun ya karya masa wuya. Na kuma san in maigidana ya dawo ya tarar an yi wa ubansa haka ina cikin gidan, ko bai ce komai ba, ni ba zan iya haɗa ido da shi ba har abada. To amma me zan yi? Malam ya rantse, ya kuma hana. Ni ba na fita. In na aiki ɗan maƙwabta, kafin la'asar unguwa ta ji, Malam ya ji cewa amaryar jiya ta taka maganarsa.

Ina wanke-wanke dabara ta zo mini. A gindin katangarmu ta gaba akwai wuriya, 'yar kafar nan da ruwan tsakar gida ke bi ya fita waje, wadda Kanawa ke ce wa rariya. Na tuna daga daidai wurin na ji sarar ƙasa ranar dashe. Na ce ashe Allah ya kawo sauƙi. Daga ranar na mayar da wankina da wanke-wankena can bayan ɗaki don kada ruwan sabulu da toka su bi ta nan, wuriya kuma na ware ta don ruwa mai kyau. Rijiyarmu a cikin gida take, mai zurfin gaske, in ka saki guga sai ka gama jan numfashi kafin ka ji ya taɓa ruwa. Kullum da sassafe da kuma bayan la'asar sai in ja, in cika tulu, in durƙusa a bakin wuriya in riƙa tsiyayawa a hankali don kada Malam ya ji ƙara daga zaure. Ina zubawa ina addu'a, ina kallon ruwan yana shigewa duhun kafar ya ɓace. Tafin hannuna ya yi kanta, ya fashe, ya sake yin wata. Rani na ƙara nisa ruwa na ƙara gudu ƙasa, na ƙulla tsohon zanena a bakin igiya, daga baya na ƙulla wani. Abin da ya fi cin raina shi ne ina yi wa abu bauta ban san kamanninsa ba. Ban san ko tsawonsa ya kai gwiwa ba, ban san yadda ganyensa yake ba. Tsakanina da shi kaurin katanga ne kawai, amma da yana Makka da ban fi haka nisa da shi ba.

Duk sanda Inna Tumba ta shigo sai in kewaya in kewaya, in tambaye ta kamar ban damu ba. Takan taɓe baki ta ce, "Shina nan dai, kamar tsinken tsire. Na gidan wane ya mutu, na gidan wance ya bushe, naku ma ba ni ba shi Jumma'a biyu." Wata rana kuma ta shigo tana goge ƙafa tana masifa, wai ruwan gidanmu ya ɓata hanya, wace irin amarya ce wannan mai ɓarnar ruwa da rani. Na sunkuyar da kai na ba ta haƙuri, a zuciyata kuwa murna nake, tunda dai ruwa na fita. Ban gaya mata komai ba, don gaya wa Inna Tumba asiri daidai yake da ba mai shela.

Ana cikin haka sai wata damuwa ta ƙaru. Malam ya fara shan ruwan buta kamar ba gobe. Da can cikawa ɗaya kan kai shi salla biyu, yanzu kuwa ban gama ajiyewa ba sai in ji ya ƙwanƙwasa butar a dandamali, alamar ta ƙare. Da hantsi alwala, kafin azahar alwala, tsakanin azahar da la'asar wata. Na ce shi ke nan, ciwon tsufa ya kama shi, alwala ba ta zama. In na karɓi rigunansa don wanki kuma sai in ga ɗige-ɗigen jini a bakin hannun riga, wani lokaci da laka a gwiwar wando kamar wanda ya faɗi. Kunya ta hana ni tambaya. Na dafa masa sabara, na jiƙa masa tsamiya, na ajiye tare da abinci, ya sha. Sai tsorona ya zama biyu, ga itace a waje da ban san halinsa ba, ga tsoho a zaure yana lalacewa, maigidana kuma yana can inda ko saƙo ba ya kaiwa.

Sai bazara ta shigo da zafinta, irin wanda kaza ke buɗe baki a inuwa. Ruwan rijiya ya koma kamar kunu, sai na bari ya kwanta kafin in tsiyaya. A cikin wannan hali mai shela ya bi unguwa da gangarsa, ya ce bayan Jumma'a malamin daji mai kula da itatuwa zai zagayo da Bature a duba dashe ƙofa-ƙofa. Na ji shi tun daga nesa, na ji shi a ƙofarmu, na ji shi har muryarsa ta ɓace, ina tsaye da muciya a hannu tuwo yana ƙonewa.

Washegari da rana tsaka, lokacin da ko ƙadangare ya nemi rami, na ji gyaran murya a ƙofar zaure ta ciki. Na ɗauka buta ce, na taso. Sai na ji abin da ban taɓa ji ba tun da na zo gidan.

"Ɗiyata."

Na durƙusa bayan bango na ce, "Na'am, Baba."

"Matso. Duba ƙasa, nan bakin ƙohwa."

Na leƙa. Hannunsa ne a kan dandamali, duk ƙaya ta kakkarce shi, ya tura wani ɗan ganye siriri mai baki kamar zarto. Ranar na fara ganin ganyen itacen da na yi rani ina shayarwa.

"Hwaɗa min gaskiya. Wane launi na?"

Na ɗauka na duba. Na so in ce kore ne shar, amma mutum irin Malam ba a yi masa haka. Na ce, "Baba, ya yi ruwan ɗorawa. Tsakiya ɗai ta rage da ɗan kore."

Can ya ce, "Na ji a hannu. Da shina da sanyi, yanzu ya yi kaushi. Amma hannu ba shi ganin launi."

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Na ce, "Baba, ka gahwarce ni, na taka maganarka. Tun sanyi nika zuba mai ruwa ta wuriya, sahe da marece. Ban san abin da yas sa bai ji ba."

Na ɗauka ƙarshen zamana a gidan ne ya zo. Sai na ji wani sauti, na kasa gane ko tari ne, ashe dariya ce. Malam yana dariya har yana shaƙewa.

"Ashe ke ta ka kada ni kullum cikin laka! Nic ce yarinyar ga akwai ɓarnar ruwa, amma kunya ta hana ni magana. Ɗiyata, ruwanki ko ɗigo bai shiga. Ginin da sunka yi mai ya tare shi, sai shi kewaye shi bi hanya. Tumhwahiya kika shayarwa, ta yi ƙiba har tana taɓa min gemu."

Na zauna daɓas a ƙasa. Na dubi tafin hannuna, na tuna zannuwana da ke ƙulle a igiya. Da kyar na iya cewa, "To Baba, mi ar riƙe da shi har yau?"

Ya gyara murya irin ta masu ba da fatawa. "Ni dai ban ba shi ba. Na rantse, kuma ban karya ba. Alwala nika yi. In shi ya tsaya inda ruwan ka zuba, wannan tsakaninai da Ubangijinai."

Sai a lokacin na gane butar da ba ta zama da ruwa, da jinin hannun riga. Tsohon nan yana janye ƙaya da hannu, ya miƙa hannuwansa da ƙafafunsa a kan ginin, ya yi alwala a kan alwala, don shi ma tulun nan yana kansa tun ranar da aka ambace shi. Daga baya na ji cewa mazan unguwa duk suna ganinsa, amma ba wanda ya taɓa nuna ya gani.

"Ruwan alwala bai isa ba, bazara ta hi ƙarhinai," in ji shi. "Hannuna na rantse a kai. Cewa da niy yi gidan ga ba mai yi kuwa umurni na, ba rantsuwa ba, kuma mai umurni na iya janyewa. Ɗauko tabarya. Ki lulluɓa."

Na ce, "Baba, waje?"

"Waje."

Na bi bayansa ta cikin zaure. A bakin ƙofa ya tsaya ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, iyalina za ta hito." Na ji motsin tabarmi a zauren da ke kallon namu, mutanen da ke kwance a ciki suka juya bango. Sannan ya tuɓe babbar rigarsa, ya zura sandarsa a ciki, ya ɗaga ta tsakanina da hanya, ya tsaya da 'yar shara cikin ranar nan, ƙafafunsa a kan ƙasa mai zafi. Hasken waje ya kashe mini ido. Da na buɗe sai ga shi. Wallahi na raina shi. Ɗan tsinke ne bai kai cinyata ba, 'yan ganyayyaki a kansa da tafin hannu ɗaya zai rufe, ƙasar gindinsa a bushe in ban da wani ɗan wuri mai laima da bai fi faifai ba. A gefe ga dutsen da Malam ke zama ya yi sumul. Can ƙasa kaɗan kuma ga tumfafiyata, kore shar, har da fure. Na fara da ita, na tumɓuke ta da haushi na yar. Sannan na sa tabarya na huda gindin ginin ta wajen katanga, na ja 'yar hanya da hannu daga bakin wuriya zuwa hudar, na tare ɗaya gefen da laka. Na koma ciki da gudu na ɗauko tulu na tsiyaya. Na kasa kunne. Can na ji muryarsa ta cikin kafar, ƙasa-ƙasa.

"Ya iso."

Kada ku ce daga nan hankali ya kwanta. Itace ba ya jin ruwa yau ya nuna gobe. Kwanakin da suka rage ganyen ci gaba ya yi da zuba, kullum Malam ya tsinci wanda ya faɗi ya ajiye mini a dandamali, in faɗa masa launi, ya tafi. Na daina cin abinci sosai. In na ji kofaton doki sai in ruga bakin wuriya in kasa kunne. Har tunani na yi ko ruwan ne ya yi masa yawa bayan ƙishirwa, ko hudar da na yi za a ce ɓarna ce a ƙara masa laifi. Ranar Jumma'a ya dawo daga masallaci ya sa na wanke masa rawaninsa mafi kyau, na gane shiri yake yi, in ma za a tafi da shi a tafi da shi da kamalarsa.

Ranar da suka zo, da hantsi ne. Na kwanta rub da ciki a gindin katanga, na liƙa kunnena a wuriya, laka tana shiga mini gashi. Na ji su a ƙofar maƙwabta, na ji an ce wannan ya yi, na ji sun matsa an ce wannan maigida ya fito, wata mata ta fasa kuka a cikin gidansu. Sai takalma suka tsaya a kaina. Wani ya yi magana ta hanci da yaren da ban sani ba. Malamin daji, da muryar yaro ma, ya ce, "Wannan kam ya tafi. Ina maigidan?"

"Ga ni," in ji Malam. Muryarsa ba ta yi rawa ba, tawa ce da na yi magana da ta yi.

Mai unguwa ya ce, "A dai duba da kyau, ranka shi daɗe."

Na ji ƙaya ta motsa, na ji wani ɗan ƙaramin sauti, ashe malamin dajin ne ya sa farce ya kankare bawon.

"Ɗanye ne," in ji malamin dajin. "Ga ma toho nan a ƙasa. A ci gaba da ba shi ruwa, Baba."

"Ni ba ni ba shi ruwa," in ji Malam.

Na ji mai unguwa ya yi wani tari mai ƙarfi ya ja su gaba. Na daɗe a kwance a wurin na kasa tashi. Abin da ya tashe ni ƙwanƙwasar buta ce a dandamali.

Malam bai sha inuwarsa ba. Ya ga dawowar ɗansa da ruwan farko, ya yi damina, sanyi na shigowa ya kwanta, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa, da rawaninsa da mutuncinsa, tulu bai taɓa hawa kansa ba. Bayan rasuwarsa ban daina zuba ruwa a wuriya ba. Wata safiya da tsakiyar rani ina shara na ɗaga kai, sai ga wani ɗan reshe ya leƙo ta saman katanga, kore shar, alhali duk garin ya tuɓe. Na ajiye tsintsiya na yi kuka mai isata. A ƙarƙashinsa aka raɗa wa 'ya'yana suna, da ganyensa aka yi mini wankan jego, a nan aka sallaci maigidana. Mutane suka saba da shi har suka manta baƙo ne, tsuntsaye suka watsa 'ya'yansa ko'ina, yanzu daga nan har unguwar Gawon Nama sai ka tafi a inuwa. Yaran yanzu in sun ga ya tsiro a gindin bango tumɓukewa suke yi kamar ciyawa.

Ginin shagon bai tashi ba tukuna, an ce sai bayan damina, kututturen yana nan. Ni kuma yanzu tsufa ya fitar da ni daga kulle, ya kuma kawo mini yanar da ta rufe wa Malam ido, sai dai in ga haske da duhu. Na sa an ajiye mini kujera 'yar tsugune a gefen kututturen, a can nake alwala. Jikana ya ce, "Hajiya, ga banɗaki an yi miki da famfo, me ya sa sai a waje?" Na ce iska nake sha. Kullum ina shafa bawon ina jin gabana yana faɗuwa, don na san masu gini za su zo da diga wata rana, ban kuma san wa zai riga wani ba. Shekaranjiya yatsana ya taɓa wani abu mai laushi a gefe, mai baki kamar zarto. Na tsinki ɗaya kawai, na kira 'yar jikana da ke wucewa da tallan gyaɗa.

"Zo nan, uwata. Hwaɗa min gaskiya, wane launi na?"

Ko tsayawa sosai ba ta yi ba. Ta ce, "Kore ne mana, Hajiya. Ganye ai kore ne."

Na miƙa mata butar na ce ta ƙaro mini ruwa.